Shanun Bangon Kogo

Shekara goma sha tara ke nan mai gadin kogo yana buɗe ƙofar ƙarfen kogon da safe, ya kulle ta da yamma. Abin da yake gadi shanu ne, amma na zane. Mutanen da can suka zana su da jar ƙasa a jikin dutse, tun ba a san rubutu ba. Matarsa takan ce shi kaɗai ne makiyayin da bai taɓa kawo madara gida ba. Yana son shanun nan, so na gaske.

Yana da wata dabara da babu wanda ya koya masa, kuma yana ji da ita. Zanen ya dusashe, baƙo yakan tsaya ya yi ta ƙifta ido bai ga komai ba. Sai mai gadi ya ɗauko butarsa daga bayan ƙofa, ya yayyafa wa bangon ruwa. Nan take jan ya taso, ƙahoni su fito, baƙo ya saki baki. Ko ranar da ba a yi baƙo ba yakan yayyafa, ya zauna ya yi kallonsa shi kaɗai.

Ana nan sai ofishin adana kayan tarihi ya turo wata jami'a, don an kai musu labari zanen yana lalacewa. Ta zo da fitila da ɗan burushi, ta shafe awa biyu hancinta kamar zai taɓa dutse. Mai gadi yana tsaye a bayanta, kamar mai jiran likita ya gama duba ɗansa.

"Baba, akwai mai jiƙa bangon nan," in ji ta.

Ta haska bangon da fitila, ta ci gaba.

"Ruwa yana shiga dutse, in ya bushe ya bar gishiri. Gishirin ke ɓamɓare zanen, yau kaɗan, gobe kaɗan. Baƙi ne ke yi in ka juya baya. Ka sa ido, ka kama mana mutum ɗaya."

Da zai yi shiru, da magana ta ƙare a nan. Ita ba ta leƙa bayan ƙofa ba, kuma ba ta da niyya. Amma shi tunda yake bai taɓa barin a ɗora wa baƙonsa laifi ba.

"'Yata, ba sai an sa ido ba. Ni ne."

Ta kashe fitilar. "Sau nawa, Baba?"

"Kullum. Ban da kwana tara da na yi a asibiti."

Ba ta yi faɗa ba, shi kuwa da faɗan ta yi da ya fi masa sauƙi. Jakarta ta buɗe, ta ciro wani tsohon hoto da aka ɗauka kafin ya fara aiki, ta miƙa masa. Ya ƙirga da yatsa. Shanu goma sha ɗaya, da ɗan maraƙi a gefen hagu. Ya ɗaga kai ya ƙirga na bango. Bakwai ne, ba maraƙi.

"Ai na lura suna raguwa," ya ce. "Na ɗauka idona ne. Har tabarau na saya."

Ta sunkuyar da kai tana gyara burushinta, wanda ba abin da ya same shi.

"To in na daina daga yau, za su dawo?"

"A'a, Baba."

Ya gyaɗa kai. Ya matsa kusa da gefen hagu, ya ɗaga hannu zai shafa wurin da maraƙin yake a da, sai ya tsaya.

"Taɓawa fa?"

"Ita ma."

Ya mayar da hannun baya, ya riƙe shi da ɗayan.