Ƙafar Eustorgio

Bawon kawa, irin dodon-koɗin nan na teku, ne ya yanki Eustorgio a ƙauri, ranar Litinin, muna jan kwalekwale cikin taɓo. Yankan bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Ya yi abin da kowane masunci a garinmu ya gada: ya tsoma ƙafar cikin ruwan gishiri ya cuɗa, ya tsiyaya mata barasar rake, ya kurɓe sauran.

Ni kaɗai na san abin da likita ya gaya masa bara. Yana da ciwon sukari, ga hanta ta lalace saboda sha. Ya sa na rantse da ran 'yarsa, wadda ni na riƙe ta ranar baftisma, cewa ba zan faɗa wa kowa ba, balle matarsa Dioselina, don za ta fasa kwalabensa ta hana shi fita ruwa.

Washegari da hantsi yana kuka kamar ana gasa shi, alhali jan da ke ƙafar bai fi tafin hannu ba. Na goya shi a babur zuwa ɗakin shan magani, Dioselina ta biyo mu a ƙasa.

Nas ɗin ta riƙe biro ta ce, "Kana da sukari? Ciwon hanta? Kana sha?"

"Ni? 'Yar nan, na fi jaki lafiya," in ji shi. Ya ɗago ido ya dube ni.

Ta juyo wajena. "Baba, tare kuke aiki?"

Na ce eh. Ban ƙara ko harafi ba. Ta yi masa allurar kashe zafi, ta ba shi ƙwayoyi, ta ce ya dawo Juma'a.

Allurar ta yi aikinta. Ya zauna ya ci soyayyen kifi da agade, har da yi wa matarsa tsiya: "Kin so zawarci da wuri, tsohuwa, Allah bai ba ki ba."

Laraba da safe ƙafar ta yi baƙi har gwiwa, ta fito da bororo, shi kuma yana sambatu. Sai a babban asibitin Santa Marta na buɗe baki, a gaban Dioselina.

Likitan bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. "Da kun faɗa jiya, da jiya aka turo shi. Mai irin hantarsa, ƙwayar cutar da ke ruwan gishiri cikin awoyi take cin namansa. Kun ba ta kwana guda kyauta."

Suka yanke ƙafar a saman gwiwa. Ƙodarsa ta tsaya. Alhamis da la'asar ya cika.

Dioselina ta tare ni a bakin ƙofa. "Nicanor, kai ne mai karance-karance. Wane littafi ne ya ce ka tsaya kana kallo?"

"Rantsuwa na yi, uwar ɗiyata ta baftisma."

"Da ran 'yata? To je ka gaya mata ka cika alkawari. Tana gida tana goge wa ubanta rigar coci."

Na juya maganar nan ta kowace fuska. Amana na riƙe, an kuma ce riƙon amana halin kirki ne. To me ya sa kirkin nawa yake wari? Haushinsa nake ji, matsoracin banza, da ya ɗauki kunyarsa ya zuba a bakina don in riƙe masa. Haushin abokanmu nake ji, masu dafa kafaɗata suna cewa lokaci ne ya yi. Ba lokaci ba ne. Tambaya uku aka yi, ina tsaye, na san amsar kowacce.

Ranar jana'iza mu shida muka taso ɗaukar akwatin gawar. Na kama mariƙin gaba na hagu, Dioselina ta zo ta ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya.

"Ba da hannunka ba," ta ce.

Ta tattare baƙar rigarta ta kama mariƙin da kanta. Akwatin ya karkace ta gefenta, haka suka tafi da shi har makabarta.