Ƙarfen Ciyawa da Ƙarfen Rairayi

Duk Danwarai babu wanda ya taɓa ganin magidanci mai gemu yana bin ƙwallo kamar ƙwan zabuwa da sanda, sai da Sirajo ya dawo daga Kaduna. Shekaru ya yi can yana aikin masaƙa, har ya shaƙu da wani manaja da ya koya masa ƙwallon lambu, ya kuma ba shi tsohuwar jakarsa cike da sandunan ƙarfe. Da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi, Sirajo ya tattara ya dawo gida, wai sabuwar jiha ba ta rasa aikin da za ta ba ɗanta. Aikin bai zo ba har yau. Jakar dai ta zo lafiya.

Wansa Ayuba, manomin albasa, ya fi kowa murna da dawowar, ko da yake ko za a yanka shi ba zai faɗa ba. Su biyu suka rage wa tsohuwarsu, Inna Kaltume. Tun da Lawali direba, mai kai albasar Aliero Kaduna, ya kawo saƙon cewa manajan nan yana neman Sirajo ya koma bakin aikinsa, Ayuba bai sake cin tuwo da daɗi ba. Amma babba ba ya tsare ƙaninsa da tambayar ko zai zauna, kamar mai roƙo. Ƙani kuma ba ya duban idon wansa ya ce zai tafi. Sai maganar ta kwanta tsakaninsu, kowa yana tsallake ta.

Abin haushin, Ayuba ne da kansa ya jawo masifar ƙarafan. Wata safiya ya ga kububuwa a bakin fangalin albasa, ya zari mafi gajarta cikin sandunan, ya gama da ita, sandar ma ta gama da kanta. Sai Lawali ya kawo guda biyu daga Kaduna don Sirajo ya gwada, ya riƙe ɗaya, a mayar da ɗaya in motar ta sake lodi.

Daga ranar Ayuba bai sake samun sakat ba.

"Yaya, duba hwa," in ji Sirajo, yana miƙa masa ƙarafan yayin da Ayuba ke fama da injin ban-ruwa da ya ƙi tashi. "Wanga ɗan gida na, shi da sauran uwa ɗaya uba ɗaya, nauyinsu guda. Bisa ciyawa irin ta hilin Kaduna babu kama tai, amma nan cikin rairai sai shi nutse. Wanga kuwa mai hwaɗin gindi baƙo na cikin jaka, amma don rairai anka yi shi. Wanda duk za shi zamna nan, shi ad daidai da shi."

"To," in ji Ayuba, ya sake jan igiyar injin.

Wannan karatun ya ji shi a gona, ya ji shi a zaure, ya ji shi a hanyar masallaci. An yi wa mai shayin Aliero, an yi wa wanzami yana tsakiyar aski. Kai, har gaisuwar rasuwa da suka je Maiyama, ana shafa fatiha Ayuba ya waiwaya ya ga ƙaninsa yana zana wa wani dattijo gindin ƙarfe a ƙasa da yatsa. Ranar ji ya yi kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Ga kuma Labbo, maƙwabcinsu a fadama. Kullum da la'asar Sirajo kan sauka kan rairayin da ke gefen lambun ya yi ta gwaji, kullum kuma ƙwallon sai ya zaɓi albasar Labbo ya sauka a ciki. Ran nan ma jakinsa ya samu a gindi, jakin ya tsinke igiya ya bi ta kan sabon dashe. Wa ake kawo wa ƙara? Ayuba. Ya ba da haƙuri har kalmar ta tsufa a bakinsa.

Ranar da motar Lawali ta gama lodi, komai ya taru masa wuri guda. Rana ta take, injin ya sake mutuwa, albasa na neman ruwa, Labbo na tsaye a kan iyaka yana rantsuwa sai ya kai magana gaban hakimi. A daidai nan Sirajo ya iso. Ya cire takalmi, ya durƙusa har ƙasa, ya ajiye ƙarafan biyu a gaban wansa. Mai hankali a jikinsa da ya ga durƙuson nan ya san ba na wasa ba ne. Amma kunnen mai fushi a toshe yake, idonsa ma haka.

"Yaya, kai ab babba. Gobe Lawali ka tashi. Wanda duk kaz zaɓa, shi za ni riƙewa."

"Sirajo, don Allah mi nai maka?" Ayuba ya jefar da igiyar. "Ka taɓa ganin an ɗaura sa da jaki ga garma guda? Shanun da nis sawo Andarai, sai da nid duba tsawonsu ɗaya, tahiyarsu ɗaya. Kowa da irinai! Ɗauki ɗan'uwan sauran ka mai da shi cikin danginai, ka bar mutane su sha iska!"

Sirajo ya ture mai faɗin gindin gefe. Sannan ya ɗauki ɗan gidan ya goge shi da bakin riga.

"Na gode, Yaya. Allah shi bar girma."

Ayuba ya yi ajiyar zuciya, ya ce a ransa yau dai ya rabu da ƙaya. Injin ma ya tashi kamar mai taya shi murna.

Da yamma ya shiga gida ya tarar da matarsa Tasalla tana ƙulla ƙuliƙuli da garin fura a leda.

"Guzurin wa?"

"Na Sirajo mana. Ya hwaɗa ma Inna ka ba shi izini shi koma."

"Ni? Yaushe? Maganar ƙarhe munka yi!"

Tasalla ta ajiye ledar ta dube shi, irin duban da ake yi wa wanda ya zuba gishiri a kunu. "Malam, ni da ke bayan katanga na hardace karatun nan. Guda na ciyawar Kaduna, guda na rairan gida. Wata nawa yaron ga shina tambayarka, kana ce mai to?"

"In tambaya ta, mi ah hana shi buɗe baki awa mutane?"

"Kai ka buɗe naka?"

Haushi ya turnuƙe shi, ya rasa wanda zai sauke wa: ƙanin da ya naɗe magana cikin ƙarfe, ko kububuwar, ko kansa. Ya leƙa ɗakin Inna Kaltume ko za ta tsawatar. Tsohuwar tana jan carbi, idanunta jajur. Ta ce tun rasuwar ubansu maganar Ayuba ce maganar gidan, ita ba za ta warware ta a gaban ƙaninsa ba. Sirajo kuma ya riga ya zaga dangi sallama, kowa ya ji cewa Yaya ya amince.

Washegari Ayuba ya raka shi har tashar Jega, inda Lawali ya tsaya ƙara ɗaure buhuna. Duk hanya yana tauna magana tana ƙin fita. Abin da ya iya cewa kawai shi ne, "Wancan ƙarhen ma ba shi da laihi."

"Ai Yaya ya riga ya zaɓa," in ji Sirajo, ya haye kan lodi da jakarsa.

Lawali ya zo zai cusa ƙarfen da za a mayar a bayan kujera, sai Ayuba ya karɓa ya duba, karon farko ke nan da ya dube shi da ido biyu. Mariƙinsa ya yi baƙi da gumin hannu. Gindinsa ya goge fes, rairayin fadama ya cinye shi. Ya ɗaga kai ya hangi ɗan gidan yana leƙowa daga jaka, yana ƙyalli kamar ba a taɓa buga shi ba. Ashe duk la'asar ɗin nan da ƙarfe guda yaron yake wasa. Ayuba ya ƙi sakin ƙarfen.

"Lawali, bar wanga nan. In ka dawo mu yi magana."

Injin motar ya ɗauka. Ayuba ya ɗaga ƙarfen sama, ya yi kira da ƙarfi, "Rairai na nan, Sirajo! Ba shi zuwa ko'ina!" Bai sani ba ko an ji shi, don hayaƙi da ƙara sun riga sun rufe wurin.

Da la'asar ya sauka fadama da ƙarfen a hannu. Labbo ya hango shi, ya buɗe baki zai ce "Kai ma?", sai ya ga fuskarsa ya haɗiye. Ya laluba aljihu ya fito da farin ƙwallon da ya tsinta cikin albasa tun jiya, wanda ya rantse sai gaban hakimi, ya miƙa masa.

Ayuba ya zauna a kan rairayin, ƙwallon a tafinsa. Injin na ta ba da ruwa lafiya lau, jakin Labbo na kiwo abinsa, yau babu wanda zai ba haƙuri. Ya yi ta jira wani ya zo ya dame shi.