Makon Rajista

"Ki ƙara rage ta ta kafaɗa," in ji mai kemis, ya ajiye kwat ɗin Malam a kan keken ɗinkinta. "Kar iyayen yara su ga ya rame."

Tela ta kalli kwat ɗin, ranta ya ɓaci. Karo na biyu ke nan a wata ɗaya. Katanga ɗaya ta raba shagonta da 'yar makarantar Malam mai aji huɗu, kuma ta nan take jiyo tarinsa tun safe.

"Asibiti ya kamata a kai shi, ba wurin tela ba."

"Za a kai shi, Hajiya. Bari a gama rajista ranar Juma'a."

Su uku suka zuba jari a makarantar: ita, da mai kemis, da wani dillalin filaye da bai taɓa leƙa aji ba. Ginin haya ne. Malamai biyu sun koma sabuwar makarantar bayan layi, mai motar ɗaukar yara. Abin da ya rage musu Malam ne kawai, don shi iyaye suka sani. Shi ya sa kullum da safe ake kama shi a zaunar a kujerar roba a bakin ƙofa, a sa masa kwat, yana ɗaga wa mutane hannu. Likita ya ce a kwantar da shi tun makon jiya. Mai kemis, wanda ya fi kowa sanin abin da likita ke nufi, ya ce maganin ƙarin jini ne kawai yake bukata.

Abin da ya fi ci mata rai, ita ta rage kwat ɗin a karon farko. Har da soso ta cusa a kafaɗun, aiki mai kyau.

Ranar Laraba ta fito ta tsugunna gabansa. Leɓensa ya bushe.

"Malam, tashi mu tafi."

"Yara nawa aka rubuta?" Da ƙyar muryar ta fito.

"Ban sani ba, ban kuma damu ba."

Mai kemis ya sha gabanta, ya rage murya. "Ki yi tunani. Idan aka ga an ɗauke shi a mota, kafin azahar kowa ya kwashe ɗansa. Har da naki jarin fa."

"Ya ƙone. Kai ko kunya ba ka ji? Matsa min."

Ta yi tafiya har bakin titi kafin ta sami tasi, tana zagin dillali, tana zagin mai kemis, tana zagin kanta. Da suka shigo layin, tun daga nesa ta ga kan Malam ya langaɓe gefe, hannunsa ya sauka ya taɓa ƙasa. Mai kemis yana ciki yana raba fom.

Ta gane Malam ya cika, ta kasa ko buɗe ƙofar motar. Tana kallo wata mata ta iso, ta rusuna ta gaishe shi, ba ta jira amsa ba, ta ja hannun 'yarta suka shige.