Dutse a Hannun Hagu

Da Sarfaraz ya ajiye tuƙin manyan motoci, zaman gida ya gagare shi, sai ya ɗora gidan a kan taya. Ya sayi tsohuwar bas, ya fidda kujerun, ya zuba gado da murhu da tankin ruwa, ya sa aka zana masa ɗawisu a kowane gefe. Burinsa guda ne, ya shiga ƙauyensu na kan tudu da ita ranar bikin ɗan ƙanensa, shi da kansa a sitiyari, masu cewa ya tsufa su gani da idonsu.

A bakin gada hanya ta rabu biyu, kogi a tsakiya. Sabuwar kwalta ce sumul, gajera, sai dai mai hawa yana tafe da rami a hagunsa. Tsohuwar kuwa gargada ce da kwana-kwana, ga nisa, amma dutse ne a hagu. 'Yarsa Rukhsana, wadda ta bar aiki ta biyo su, ta zaɓi sabuwar, shi ma haka. Matarsa Shamshad, da ke kujerar hagu jikin taga, ta ce sai dai a sauke ta. Wai in ta leƙa rami jiri take gani.

"Maman Rukhsana, rabin rayuwata a bakin rami na yi ta," in ji shi.

"Ai shi ya sa na yi furfura, Baban Rukhsana. Ka bar min 'yar baƙar da ta rage."

Ya yi ta mita, ya kira ta farar kura, amma ya karya kan motar zuwa tsohuwar hanya. Haushi ya cika Rukhsana, ga tukwane na ta kaɗawa, ga azahar ta kawo jiki ba su je ko'ina ba.

Da suka tsaya salla a wani ɗan fili, uban ya kishingiɗa. Rukhsana ta zagaya bayan mota neman uwarta, sai ta hango ta a kan wata bishiyar tuffa da ta ranƙwafa bisa kwazazzabo, ƙafa ɗaya a reshe, tana tsinka tana zubawa a mayafi. Ƙasanta babu komai sai iska da rurin kogi. A lokacin Rukhsana ta tuna cewa matar nan da kiwon awaki a kan duwatsu ta girma.

"Ammi, ina jirin?"

Shamshad ta sauko a natse, ta ce ta rage murya. Ta tambaye ta ko ta lura inda ubanta ya tsiyaya shayi da safe. Rukhsana ta lura, a gefen kofi ya zuba, ta ɗauka girgizar hannu ce. Uwar ta ce idonsa na hagu ne ya yi yana, tun bara, kuma gara a yanka shi da ya amsa.

"In ya kuskure a gefen dutse, fenti za mu rasa. In a gefen rami ne fa? Ni a ce min matsoraciya bai rage ni da komai ba."

Kunya ta kama Rukhsana, da wata irin ƙaunar tsohuwar nan da ba ta taɓa ji ba. Ta karɓi tuffan ta kai mota.

Bayan la'asar, a wata matsattsiyar kwana, suka ji ƙiii mai tsawo a gefen hagu. Sarfaraz ya taka birki ya sauka. Dutse ya kankare ɗawisun tun daga wuya har wutsiya. Ya shafa wurin da tafin hannu, ya auna zurfin shigar da ya yi, bai fi taƙi ɗaya ba. Sannan ya ɗaga kai ya dubi tsallaken kogi, inda sabuwar hanya take kwance a leɓen rami ba ko shinge. Sai da ya juya fuskarsa gaba ɗaya kafin ya gan ta.

Da ya hau, bai tada motar nan take ba. Ya ɗauki tuffa ɗaya daga kwano yana jujjuyawa, ya tambayi inda aka samo. Shamshad ta ce a ƙasa ta tsinta.

"Har da ganyenta ɗanye," in ji shi. Ya gatsa, ya tauna a hankali. "In an gama biki, akwai likitan ido a birnin Abbottabad. Sai dai ki ce ke ce ba ki gani sosai, ni rakiya na yi."

"Ai dama kwana biyun nan dishi-dishi nake gani," in ji Shamshad, tana gyara mayafi.

Ya murza makulli. Rukhsana ta matso bayan kujerar uwarta ta zauna, ta buɗe tagar hagu, tana duba masa gefen hanya.