Ranar da Aka Ce In Buɗe Baki

Maganin da nake sha ya kwantar min da hankali, wannan ba na musu. Amma yana busar da baki ƙayau. Shi ya sa na riƙa ajiye alawa a durowar keken ɗinkina, tare da allurai da zare, ina tsotsa daga safe har a tashi shago. Ga shi a watannin da ciwon ƙwaƙwalwa ya kayar da ni, ko wanka sai an yi da gaske, balle goge baki.

Haƙorin can ƙurya ne ya fara. Na daina tauna, barci ya ƙaurace min, wanda duk ya yi min magana sai in hau shi da faɗa.

"Ciwon ya tashi," in ji Yaya, wadda nake zaune a gidanta.

"Yaya, haƙori ne."

"To, to. Sannu."

Wannan "to, to" ɗin na tsane ta. Ita ake yi wa wanda ba a da niyyar saurara. Tun da aka taɓa kwantar da ni a asibitin masu taɓin hankali, ko tuntuɓe na yi sai a ce ciwon ne.

Da safe na ga ta haɗa jakata: riguna, silifa, bargo. Na gane so take a sake kwantar da ni a asibiti. Maigidana a shago ya riga ya gaya min, ba da mugunta ba, cewa in na sake ɓacewa kekena zai koma hannun wani.

A ofishin likitar ƙwaƙwalwa, Yaya ta zayyana komai. Ba ya ci, ba ya barci, yana riƙe fuska yana gurnani. Gaskiya ta faɗa, ba ta ƙara ko ɗaya ba. Likita ta saurara har ƙarshe, sannan ta juyo da kujerarta.

"Kai fa, malam tela, me ka ce?"

"Haƙori ne."

"Buɗe in gani."

Ta haska da ƙaramar tocila, ta yamutsa fuska, ta yafito Yaya. Yaya ta leƙa ta ga dasashi ya kumbura suntum, haƙorin ya yi rami baƙi ƙirin. Ta dafe bakinta.

"Kada ka bar maganinka," in ji likita. "Alawar za ka bari. Ka riƙa kurɓar ruwa, ka goge baki safe da dare. Yanzu ku bi barandar nan, ƙofar ƙarshe."

Likitan haƙori ya fara kwantar da kujera, na yunƙura zan tashi. An taɓa danne ni a kan gado, ban manta ba. Ya lura, ya dakata.

"In ka ɗaga hannu, zan tsaya."

Ban yarda da shi ba. Ko taɓa ni bai yi ba na ɗaga. Ya tsaya cak, ya ja baya, yana jira. Wallahi sai da hawaye suka zubo min, ba kuma na zafi ba. Na sauke hannun da kaina.

Har yau ban san sunayen mutanen nan biyu ba, amma kullum na taka keke sai na sa musu albarka.

Muka fito, an cire haƙorin, an cusa min auduga a gurbinsa, rabin fuskata ba na jin ta. Yaya na rungume da jakar da ba a buɗe ba. A bakin titi ta tsaya, idonta jajir.

"Auta, gida za mu ko shago? Faɗa min. Ina jin ka."

Ka ji fa! Ranar da aka shirya saurarena, bakina cike da auduga. Na nuna hanyar shago da yatsa.

Ba ta ce "to, to" ba. Ta gyara riƙon jakar, ta biyo ni.