Sabar Umara Bayan Ambaliya

Bayan ambaliyar da ta ci ran Umara, matarsa Kaltum ta ce sai ta sake buɗe shagonsa na kwamfuta a Kasuwar Kwastam. Ta kira amininsa Inuwa ya duba saba, babbar kwamfutar da sauran ke dogara da ita.

Inuwa ya goge laka ya kunna ta, amma ta ƙi gama tashi. Wurin sa faifai ya maƙale, ramukan sa filas, ɗan abin ajiye bayanai, kuma tsatsa ta cinye su.

"Maman Jannat, ba ta karɓar faifai ko filas," ya ce wa Kaltum. "Sai dai in ja waya daga laftof ɗina in ɗora mata sabuwar manhaja. Amma duk abin da ke ciki zai goge."

"Har hotunan da Umara ya ɗauki yara?"

"Na gwada ciro su, wallahi sun lalace."

Kaltum ta ce, "Ɗora, Malam Inuwa."

Da aikin ya kammala, na'urar ta nemi sunan mai ita. Inuwa ya fita waje yana share ido. Kaltum ta zauna a kujerar mijinta, ta rubuta nata sunan da yatsa ɗaya, tana kuka.