Dashe da Ledarsa

Kamfanin fasa dutsen da ke bayan unguwarmu yana matuƙar son bishiyoyi. Har hotonsu ya manna a jikin kowace tifa, kore shar, yadda idan ta buɗe ka da ƙura za ka samu abin kallo kafin tari ya sake ka. Saboda wannan soyayyar ne, da za su faɗaɗa hanyar motocinsu, sai da suka yi sallama cikin ladabi kafin su sare mangwaron ƙofar gidanmu.

Baba ne ya dasa mangwaron tun ba a haife ni ba. A gindinsa yake shimfiɗa tabarma tun da ciwon ƙirji ya raba shi da aikin kamfanin, a nan kuma nake fito da keken ɗinkina idan ɗaki ya yi zafi. Ranar da aka sare shi ya dai ja tabarmarsa zuwa jikin katanga yana bin 'yar inuwar da take sam masa. Ni ce na yi ta masifa har muryata ta dishe, kuma a kan Yaya na sauke, domin shi ne jami'in kula da muhalli na kamfanin. Aikinsa shi ne ya sa koriyar hula ya tsaya kusa da Manaja idan an yi baƙi.

"Ke dai kin cika gajen haƙuri," in ji Yaya. "Za a dasa wasu. Akwai shiri."

Shirin kuwa ya zo, da rumfuna da kujerun roba da lasifika. Aka yayyafa wa hanya ruwa, abin da ba mu taɓa gani ba, aka kashe injin niƙa dutse har muka ji kukan tsuntsu muka kalli juna. An haƙa ramuka a jere tun daga ƙofar kamfani har ƙofar gidanmu, kowanne da ɗan dashensa a gefe. Manaja ya yi jawabi mai taɓa zuciya a kan 'ya'ya da jikoki, sannan ya durƙusa a kan kwalin da aka shimfiɗa masa don kada wandonsa ya san halin da ake ciki, ya tura ƙasa da sabon shebur. Masu hoto suka ce a sake, ya sake. Baƙi suka tafa, suka sha lemo, suka shige motoci, injin ya ɗora daga inda ya tsaya.

Ramin ƙarshe ya faɗo dab da kututturen tsohon mangwaron, kuma abin da aka sa a ciki shi ma mangwaro ne. Baba ya ɗauka don shi aka yi, ni kuma ban ga dalilin musa masa ba. Ya kewaye shi da guntayen langa-langa saboda awaki, yana ba shi ruwa da buta safe da yamma, yana goge masa ƙurar ganye da bakin rigarsa. Da ya ga dashen ya ƙi sakin jiki, ya tona gindinsa, sai ga baƙar ledar da aka rene shi a ciki, a ɗaure yadda take.

"Yaran nan da gaggawa," ya ce da ni yana girgiza kai. "Sun manta ba su cire masa leda ba. Miƙo min rezarki."

Ya tsaga ledar a hankali ya zare ta, ya mayar da ƙasa. Ba a daɗe ba sai ga sababbin ganyaye ja-ja masu laushi. Baba ya koma cinye abincinsa, har yana tsokanata wai in tanadi kwando. Na yi murna ƙwarai, don rabon da in ji dariyarsa har na manta.

Bayan wasu makonni Yaya ya zo da a-kori-kura da lebura ɗaya. Ina kan keke ina kallo leburan yana bin layin, yana kama wuyan kowane dashe yana ɗagowa kamar mai ɗaukar bokiti. Duk da ledarsu suke fitowa, tsaf, ya karkaɗe ya jera a bayan mota.

"Yaya, me nake gani haka?"

Ya sosa ƙeya. "Na haya ne, daga lambun masu reno. Da ledarsu ake sa su don a ji daɗin cirewa. Jira muka yi masu duba aiki su zo su gani, sun kuma gani. Gobe akwai biki a ɗaya wurin haƙarmu."

"Wato su da kujerun roba tafiyarsu ɗaya."

Leburan ya riga ya iso na ƙofarmu. Ya ture langa-langar da ƙafa, ya kama, ya ja. Dashen ya ƙi. Ya gyara tsayuwa zai sa ƙarfi, Baba ya taso yana tari.

"Kai, ɗan nan, sake shi."

Yaya ya durƙusa ya tona da yatsa, ya ɗago fuska a rikice. "Baba, ina ledar?"

"Na cire. Ba dasawa kuka ce kun yi ba?"

"Dasawar biki ce, Baba."

Baba ya maimaita maganar a hankali, kamar yana taunarta. Ni kuwa raina ya gama ɓaci. Na ce a bar wannan, zan nemo musu wani su cike gurbi. Yaya ya nuna min 'yar alamar ƙarfe da ke maƙale a jikinsa, ya ce ko ɗaya ya ɓata shi za a tuhuma, ga ƙanen matar Manaja ya daɗe yana auna koriyar hular da ido. Ya faɗi haka ne ƙasa-ƙasa, bai yarda ya kalli kowa ba. Yana da mata da yara, duk mun sani.

Baba ya daɗe yana kallon ɗansa. Sannan ya shiga gida ya fito da 'yar fartanyarsa. Ya hana leburan taɓawa, shi da kansa ya haƙa, nesa da gindin don kada ya datse saiwa, ya ƙarasa da yatsunsa yana tsayawa yana mayar da numfashi. Saiwar ta riga ta fi ƙarfin irin ledarsu, sai da na juye ƙyallayena na ba shi babbar ledata. Ya ɗaure bakinta, ya zuba masa sauran ruwan butar, ya rungume shi har bayan mota, ya gyara masa zama a tsakiyar 'yan'uwansa yadda iska ba za ta karya shi ba.

Yaya ya buɗe ƙofar mota zai shiga, Baba ya riƙo hannun rigarsa.

"Can ɗin da za ku kai shi, akwai gidaje kusa?"

"Akwai, Baba."

"To duk wanda ya faɗo a ƙofarsa, ka ja shi gefe ka gaya masa gaskiya. Kada ya saba da shi."